Sakiu da Kwantaccen Ruwa

Ni da Sakiu rana ɗaya aka yi mana baftisma a 'yar majami'ar ƙauyenmu, can kudancin Greenland, amma hanyarmu ta rabu tun muna ƙanana. Ni aka ɗauke ni zuwa makarantar mishan, na dawo malamin majami'a, mai koya wa yara karatu da binne matattu idan fasto bai samu zuwa ba. Shi kuwa ubansa ya zaunar da shi cikin kayak tun ƙafarsa ba ta gama ƙwari ba. Nakan shiga kayak ni ma, amma irin shigar da mata ke tsayawa a gaɓa suna addu'a har in dawo.

A lokacin jiragen inji ba su zo mana ba. Darajar namiji kayak ɗinsa: ɗan siririn kwalekwalen mutum ɗaya, ƙashinsa itace, jikinsa fatar karen teku, an auna shi da ƙugun mai shi da tsawon ƙafarsa kamar yadda ake auna takalmi. Da shi ake farautar karen teku, wata dabbar ruwa mai yawan kitse, karen teku kuwa shi ne naman tukunya, shi ne kitsen fitila, shi ne suturar jiki. Gidan da babu mai kayak, gidan jiran rabo ne.

Sakiu gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya son yawan magana. A tudu ba za ka ba shi komai ba, tafiyarsa ma ta agwagwa ce. Amma bari ya sa rigar fatarsa, ya ɗaure bakinta a bakin kayak, sai shi da jirgin su zama abu ɗaya. Na sha tsayawa kan dutsen bayan majami'a ina kallon dawowarsa ranar da iskar kudu ta tashi. Sauran maza sukan zaga ta lungu su fake. Shi ta gaba yake shigowa, inda igiyar ruwa ke fashewa. Idan matsakaiciya ce ya hau bayanta ta sulalo da shi har bakin yashi. Idan ya ga wadda za ta iya karya bayan mutum, sai ya kifar da kansa da gangan, ta fashe a kan gindin kayak ta wuce, ka ga filafili ya leƙo, kai ya biyo baya yana tofar da ruwan gishiri. Sau da yawa da nama ɗaure a gefensa yake wannan aiki. A tseren da ake yi duk bazara kuwa, tun yana saurayi ba a cika gardamar na ɗaya ba, ta na biyu ake yi.

Bayan furfura ta fara leƙo masa ne mutane suka lura da wani abu. Ranar da teku ta kwanta, maza suna rige-rigen fita, sai a ga Sakiu a gindin gidansa yana gyaran igiyar mashi, ko yana feƙe wani itace da ba ya bukatar fiƙa. Ranar da iska ta taso, kowa na jawo kayak tudu, ran nan yake fita. Yana kuma dawowa da nama, domin ƙarar ruwa takan hana dabba jin tahowar mafarauci. Aka ce girman kai ne. Aka ce ya raina ruwan da kowa ke iya shiga.

Wanda ya fi kowa faɗar haka shi ne Isbo, ƙanen matarsa Ketura. Isbo dogo ne, bakinsa ba ya rufuwa, kuma gwani ne na gaske, shi ke zuwa na biyu a tsere. Da ma akwai wasa tsakanin mutum da ƙanen matarsa, amma wasan Isbo da ƙaya a ciki.

"Mijin Yaya, yau ma ciwon baya ne?" haka zai ce yana wucewa da kayak a ka. "Ko ruwan ne bai kai matsayinka ba?"

"Je ka yi iyo cikin romo, yaro," in ji Sakiu, ba ya ko ɗaga kai. "In teku ta farka ka zo ka tashe ni."

"To, ranka ya daɗe. Mu talakawa bari mu je mu samo abin da Yaya za ta dafa maka."

Wata rana muna gyaran rufin majami'a ni da shi, muna jera ciyawa inda ruwa ke zuba. Rana ta fito sosai, teku kamar an shafe ta da hannu, tsaunukan ƙanƙara na tsaye da inuwarsu a ƙarƙashinsu. Na ce masa yau ranar farauta ce, bai kamata in tsare shi a kan rufi ba. Ya juya wa tekun baya, ya daɗe yana murza ƙasa a tafinsa.

"Malam," ya ce, "bakinka na rufuwa?"

Na ce yana rufuwa.

"Nangiarneq," ya ce. "Ya kama ni."

Sai da na dafa rufin. Babu wanda ya tashi a gaɓarmu bai san wannan kalma ba. Jirin kayak ne, kuma ba ya kama mutum cikin hadari, sai cikin kwantaccen ruwa. Ya faɗa mini yadda ya fara. Yana zaune shi kaɗai yana jiran dabba ta leƙo, rana na ƙyalli, sama da ruwa suka haɗe har ya rasa ina ne sama ina ne ƙasa. Ya ji kayak na ƙanƙancewa ƙarƙashinsa kamar allura. Ya ji sanyi na hawa ƙafafunsa, ya rantse ruwa ne ke shigowa, alhali babu ko ɗigo. Hannuwan da suka iya juyo shi daga ƙarƙashin ruwa ta hanyoyin da ba na iya lissafawa suka mutu a kan filafili.

"Na san in na motsa zan kife," ya ce, "in na kife kuma ba zan taso ba. Hannun bai san ni ba. Wata 'yar iska ce ta zo ta yamutsa ruwan, shi ne na ga gida."

"Ketura ta sani?"

"Wadda ke cire mini rigar fata? Ta ga yadda nake rawar ɗari ran nan. Ba mu yi maganar ba."

Na ce gara ya faɗa wa maza, a riƙa fita da shi. Ya nuna da haɓa wajen bakin ruwa. Tobia ne zaune can da ƙugiya yana kamun ƙananan kifi tare da yara. Tobia a da babban mafarauci ne, jirin ya kama shi, ya faɗa. Matarsa da 'yan uwansa mata suka ƙi ɗinka wa kayak ɗinsa sabuwar fata, don kada su ɗinka masa likkafani. Tun ran nan ya koma tuƙin babban jirgin mata, yana karɓar rabon nama daga hannun waɗanda ya koya wa riƙon mashi.

"Uwata na gidana," in ji Sakiu. "Matar marigayi wana da 'ya'yanta suna gidana. Kana so in kai su layin rabo? Muddin akwai iska a duniya ni mai kayak ne."

Muka ci gaba da jera ciyawa. Amma tun daga ranar, duk sa'ad da ya fita cikin iska, ni ba iskar nake tsoro ba, faɗuwarta nake tsoro.

Bazara ta yi, muka ƙaura sansanin kamun kifi kamar kullum, mu da mutanen ƙauyukan maƙwabta. Aka kafa tantuna, aka shanya kifi a kan duwatsu har ba wurin taka ƙafa. Shekarar da ta wuce Sakiu bai shiga tsere ba, ya ce kafaɗa. Wannan karon Isbo ya jira sai da aka taru shan kofi a tantin tsoho Tittusi, wanda shi ke shirya tseren, maza da mata an cika, ana zagayawa da ƙanƙarar sukari.

"Baba Tittusi," in ji Isbo da ƙarfi, "bana a ba ni na ɗaya tun yanzu a huta. Mijin Yaya ya tsufa. Na ji an ce kafaɗar ta gangaro ta koma gwiwa."

Aka yi dariya. Sakiu ya kurɓi kofinsa.

"Ba na tsere a bakin tanti kamar 'yan agwagi," ya ce. "Mai son tsere da ni ya zaga Tsibirin Haƙarƙari ta baya."

Bayan tsibirin shi ke fuskantar babbar teku, kuma an kwana biyu ana iska, ana jin rugugin ruwan daga inda muke zaune. Na gane dabararsa. Ya zaɓi wurin da ruwa ba ya taɓa kwanciya.

"Na yarda," in ji Isbo. "Ka zaɓi tafiya, ni zan zaɓi dawowa. A dawo ta Tukunya. Ka sha ruwanka, ka ɗanɗana romona."

Tukunya wani lungu ne a ɗaya gefen tsibirin, duwatsu masu tsawo sun kewaye shi. Ana shiga ta wata kafa, a fita ta wata, kuma a bakin mafitar akwai jerin duwatsun da muke kira Haƙoran Tsohuwa. Sai iskar kudu ce kaɗai ke gangarowa cikinsa ta motsa ruwan. Sakiu ya dubi bakin tanti, inda iskar ke kaɗa fata.

"Na ji," ya ce.

Da yamma na ga Ketura ta tare ƙanenta wajen shanyar kifi. Ina kusa, ina jin su.

"Isbo, ka janye maganar Tukunyar nan."

"Don me, Yaya?"

"Don na ce."

"A'a, ki faɗi dalili. Tun ina yaro nake cin ƙurar bayansa, yau da na samu wurin da tsawon hannu zai yi amfani sai ki ce in janye? Ke dai mijinki kike so ya ci."

"Ni na goye ka, marar kunya."

"Kin goye ni, shi kuma kin aure shi. Kowa da rabonsa."

Ta buɗe baki, ta dube ni, ta rufe. Ta koma juya kifi.

Washegari iskar kudu na nan, amma ta rage. Tittusi ya ce a kai ni tsibirin in hau ƙololuwa in zama shaida cewa kowa ya zaga yadda aka ce, tunda malamin majami'a ba ya goyon bayan kowa. Daga can sama ana ganin duka gefen biyu: hagu farin kumfa da rugugi, dama Tukunya a ƙasa, iska na ɗan yamutsa fuskarta. Na ga hayaƙin bindigar Tittusi kafin ƙarar ta iso ni. Su biyu kaɗai suka fito. Babu wanda ya yarda ya bi su.

Har ƙarshen tsibirin Isbo ke gaba. Da suka karya kwana suka shiga babban ruwa sai labari ya sake. A wurin igiyar ruwa takan zo daga teku ta bugi dutse ta dawo, ta haɗu da mai bi mata, su miƙe tsaye kamar bango. Isbo ya buɗe nesa da dutsen, abin da kowane mai hankali zai yi. Sakiu ya bi ta ciki. Nakan rasa shi ɗungum, sai in gan shi a saman wata, rabin kayak ɗinsa a iska. Wata babba ta taso ta rufe shi, na ga baƙin gindin kayak cikin kumfa, na fara addu'a, kafin in kai ƙarshenta ya taso yana tuƙi kamar ba abin da ya faru. Isbo ma ya kife sau ɗaya ya miƙe da kyau, ba na rage masa. Amma lokacin da Sakiu ya kai mashigar Tukunya, Isbo na can baya, ɗan baƙin ɗigo.

Sai na ji wani abu a kunnena, wato na daina jin iska. Gashin hulata da ke ta kaɗawa ya kwanta. Na dubi ƙasa. Yamutsin da ke fuskar Tukunya yana gogewa daga wannan gefe zuwa wancan, duwatsu da gajimare suna fitowa a cikinta sarai.

Sakiu ya shigo da gudu. Ina ganin ya gane, domin ya sunkuyar da kai yana tuƙi da dukan ƙarfinsa, yana so ya ƙetare kafin abin ya cim masa. Ya wuce tsakiya. Sai tuƙin ya fara rarrabuwa. Ya tsoma filafili dama, ya daɗe kafin ya tsoma hagu. Daga nan ya ɗora shi a gicciye a gabansa, ya zauna a miƙe kamar gunki. 'Yan layukan da kayak ya bari a baya suka baje suka ɓace. Ga shi a sama, ga shi a ƙasa, mutum biyu manne da juna, babu mai motsi.

Teku kuwa ta fara janyewa. Idan tana janyewa, ruwan Tukunya ta mafita yake zuba, ya bi ta kan Haƙoran Tsohuwa, inda ragowar igiyar jiya ke fashewa. A hankali kayak ɗin ya fara tafiya can, yana juyawa a gicciye.

Na kira sunansa. Duwatsun suka maido mini da muryata. Bai ɗaga kai ba. Babu hanyar sauka daga inda nake, dutsen a tsaye yake har ruwa, ko da na sauka ma ba ni da jirgi.

Isbo ya shigo yana haki. Ya ga Sakiu zaune, ya zaci abin da kowane namijin gaɓarmu zai zata. Akwai tsohuwar al'ada ta cin fuska a tsere: gwani ya tsaya ya jira abokin karawarsa, ya bar shi ya wuce, sa'an nan ya taso ya cim masa a gaban jama'a. Cikin Tukunya murya na tashi sama kamar a majami'a, na ji shi sarai.

"Jirana kake yi? Ni za ka wulaƙanta? To zauna, tsoho, in ka ga dama ka haɗa kofi!"

Ya wuce shi da 'yar tazara, bai ko dubi fuskarsa ba, ya nufi mafita, ruwa na tura shi.

Na cire rigata ta sama ina kaɗawa. "Isbo! Waiwaya! Waiwaya!"

Ya kusa mafita, inda rugugin ke cinye kowace murya. Ban sani ba ko ni ya ji, ko kuwa so ya yi ya ga ko Sakiu ya taso. Shi da kansa daga baya ya ce bai sani ba. Ya dai waiwaya. Ya ga kayak a gicciye yana gangarowa wajen Haƙora, filafili a kwance. Ko yaron da ya fara shiga ruwa jiya ba ya barin jirginsa ya tunkari dutse da haƙarƙari. Isbo ya tsaya cak. Gabansa hanya a buɗe, sansani na can, mutane na jira.

Ya juya. Juyawa a wannan maƙogwaro, ruwa na zuba, ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ya riga ya gaji. Ina ganin filafilinsa na lanƙwasa, yana tuƙi yana nan wuri ɗaya, sa'an nan ya fara ci gaba kaɗan-kaɗan ta gefen dutse. Tun kafin ya isa ya fara dukan ruwa da faɗin filafili, yana fasa madubin, yana watsa wa Sakiu ruwa a fuska.

"Kai! Mijin Yaya! Dube ni! Dube ni nan, mummuna! Ka ga hancin kayak ɗina? Shi za ka duba, kar ka dubi ruwa!"

Sakiu bai motsa ba.

"Sakiu! Tsohon banza, mai tafiyar agwagwa! Yayata za ka mayar gwauruwa? Wa zai aure ta da wannan bakin nata? Ɗaga hannu!"

Ko gezau. Isbo ya manna kayak ɗinsa da nasa, ya ɗora filafilinsa a kan duka biyun, ya danne da ƙirji, ya cafki rigar Sakiu da hannu ɗaya. Yanzu ba za su kife da sauƙi ba, amma babu mai tuƙi. Ruwa ya ɗauke su su biyu, a gicciye, ya zuba su cikin mafita. Ina jin muryar Isbo tana zagi har rugugi ya haɗiye ta.

Igiya ta farko da ta same su ta riga ta fashe, kumfa ce, amma ta ɗaga su ta jijjiga. Na ga kan Sakiu ya motsa. Ta biyu ta fi ta girma. Ta buge su a gefe ta raba su, filafilin Isbo ya yi sama ya faɗa can, Isbo ya kife.

A cikin wannan farin ruwa Sakiu ya farka. Ba ni da wata kalma sai wannan. Na ga filafilinsa ya shiga ruwa, kayak ya juya ya fuskanci igiya kamar an murɗa shi. Isbo na ƙarƙashi, tafukansa biyu sun fito suna bubbuga gindin jirginsa, alamar mai neman a kawo masa hancin jirgi ya kama. Haƙori na farko na kusa da su ƙwarai, baƙi, ruwa na tsiyaya daga kansa. Sakiu ya bar wata igiya ta wuce ƙarƙashinsa, ya soka hancin kayak ɗinsa daidai hannun Isbo. Isbo ya kama ya taso yana tari. Sakiu ya jefa masa igiyar jan nama, Isbo ya ɗaura a gaban jirginsa. Sa'an nan ya tsaya. Ya tsaya a bakin Haƙoran Tsohuwa da mutum ɗaure a bayansa, yana ja da baya kaɗan, yana matsawa kaɗan, yana karanta ruwan. Manya suka zo suka fashe. Da ya ga sarari ya sunkuya, suka bi ta tsakanin haƙora biyu, wata na tasowa a bayansu. Ta fashe a inda suke ɗazu.

Na zauna kan dutse har masu jirgi suka zo ɗaukata.

Hanyarmu ta fi tasu gajarta, kuma jan mutum ba ya sauri, saboda haka kusan tare muka isa sansani. Jama'a sun cika gaɓa. Suka ga Sakiu a gaba, Isbo a baya ɗaure da igiya ba filafili, sai ihu ya tashi. Tittusi ya tambaya me ya faru.

"Me kuke gani?" in ji Isbo, muryarsa a dishe. "Na kife a Haƙora, filafili ya tafi, tsohon ya jawo ni kamar mushe. Ku ba shi na ɗayansa, ni ku ba ni kofi."

Babu ƙarya ko ɗaya a maganar. Tittusi ya dube ni, ni shaida. Ni kuma na dubi Sakiu. Bai fito daga kayak ba, yana zaune a bakin yashi, ruwa na lasar gefensa, bai ko kwance rigar ba. Da ya yi shiru, da an ɗauke shi a kafaɗa.

"Ba haka aka fara ba," ya ce.

"Mijin Yaya, rufe bakinka ka fito."

"Kai rufe naka, yau ɗaya." Ya ɗaga murya yadda na baya za su ji. "Jiri ya kama ni a Tukunya. Ba yau ya fara ba. Yaron nan ya wuce ni, ya ga gida, ya dawo. Na kusa kashe shi. Wanda na kusa kashewa ba zai ɗauki kunyata ya ɗora a kansa ba."

Wasu maza suka sunkuyar da kai, wasu suka ɗan ja da baya, domin akwai masu cewa abin yana yaɗuwa. Ketura ta ratsa mutane ta shiga ruwa da takalmanta, ta durƙusa ta kwance masa bakin rigar daga kayak, kamar yadda take yi kullum. Tobia ne ya zo ya kama ɗaya gefen jirgin suka kai shi tudu.

Maganar ba ta ƙare ran nan ba, sai da kaka. Fatar kayak takan tsufa, kuma ɗinkin sabuwa aikin mata da yawa ne, a yini ɗaya, tun fatar na jiƙe. In mata suka ƙi zuwa, an gama da mutum, ba sai an yi shari'a ba. Sakiu ya cire tsohuwar fata, ya ajiye ƙashin jirgin a ƙofar gida, ya shiga ciki ya zauna. Ketura ta jiƙa fatu. Safiya ta yi, babu wadda ta zo. Uwarsa ma ta ce ita ba ta sa allurarta. Ina gidan, an ce in zo ko da addu'a.

Can sai ga Isbo, yana tafe da matarsa da surukarsa da wasu mata uku, kowace da allura.

"Da sharaɗi muka zo," in ji surukar, tsohuwa mai kaifin harshe. "Ba ya sake fita shi kaɗai, iska ko ba iska. Wannan dogon ya ce zai riƙa binsa. In ɗaya ya fita ba ɗaya, da wuƙata zan farke abin da na ɗinka."

Sakiu ya fito ya dubi Isbo. "Kullum? Da wannan bakin naka?"

"Ni ma ba daɗi zan ji ba. Kana tsammani kallon ƙeyarka abin marmari ne?"

Uwar Sakiu ta daɗe tana kallonsu, sa'an nan ta aika a ɗauko mata zaren jijiya.

Jirin bai rabu da shi ba, kada in ƙara wa labari gishiri. Akwai ranakun da surutun Isbo da dukan ruwa suka riƙe shi har suka yi farauta, akwai ranakun da aka jawo shi gida hannu wofi, fuskarsa kamar toka. Surutu yana korar dabba, saboda haka naman gidajen biyu ya ragu, hunturu biyu sun sha wuya sosai. Bai sake shiga tsere ba, samari masu tasowa kuma ba su san shi da komai ba sai tsohon da ake raka shi. Wasu maza har suka mutu ba su yarda kayak ɗinsu ya taɓa nasa ba. Amma gidansa bai shiga layin rabo ba, kuma mata sun ɗinka masa fata duk shekara har ƙarfinsa ya ƙare. A kan gadonsa ya rasu, da ciwon ƙirji, ni na binne shi. Isbo ya riƙe gaban akwatin, yana gunaguni har bakin kabari wai gajeren mutum bai kamata ya yi wannan nauyi ba.